Fashin Baƙi: Me maganaɗisu yake yi a cikin tayar linzamin kwamfuta?

Idan babu ƙarfen da yake gogar ɗan'uwansa a cikin tayar linzamin kwamfuta (wato mouse), daga ina wannan ƙas-ƙas ɗin da yatsa yake ji yake fitowa? Kuma ta yaya taya ɗaya za ta riƙa tafiya daki-daki yanzu, an jima kaɗan ta saki jiki ta yi ta juyawa babu mai tare ta?

Tambayar ta sake tasowa tun da kamfanin Logitech na ƙasar Suwizalan ya fito da linzaminsa MX Master 4 a ƙarshen watan Satumbar 2025, wanda ya gaji tayar nan mai suna MagSpeed daga na gabansa. Ta kuma zo a daidai lokacin da ake ta buga maganar maganaɗisu a jikin kwalayen kayan kwamfuta, daga kibod zuwa hannun gem har zuwa linzamin kansa. Masu saye sun rabu. Wasu sun ɗauka duk abin da aka ce yana da maganaɗisu ba ya lalacewa. Wasu sun ce dabarar 'yan kasuwa ce don a tsawwala farashi. Akwai kuma masu fargabar zai zuƙe batir, ko ya goge musu abin da ke cikin filashi. Ruɗanin nan kusan duka daga wuri ɗaya ya taso: tayar tana yin ayyuka biyu daban-daban, mutane kuma suna ɗaukarsu abu ɗaya.

Aiki biyu a taya ɗaya

'Yar tayar da ke tsakanin maɓallan linzami tana magana da ɓangarori biyu a lokaci guda. Tana gaya wa kwamfuta cewa an juya ta, gaba ko baya, kuma da wane nisa. Wannan shi ne ƙirga. Tana kuma gaya wa yatsa cewa ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, ya yi na uku. Wannan shi ne ji. Kwamfuta ba ta da wata bukata da ƙas-ƙas. Da za a cire shi yau, shafi zai ci gaba da gungurawa. Don mutum aka sa shi.

Mai jan carbi ba ya kallon hannunsa. Kowace ƙwaya da ta wuce tsakanin yatsu ta riga ta isar da saƙonta, hankali kuma yana can wurin zikiri. Haka gaɓoɓin tayar suke yi wa mai karatu a kwamfuta: ido yana kan rubutu, yatsa yana riƙe da lissafi. Shi ya sa idan aka ba wanda ya saba da su taya mai santsi, sai ya riƙa wuce layin da yake nema yana dawowa, bai ma san abin da ya ɓace masa ba.

Tayar ba ta daɗe a duniya kamar linzamin kansa ba. Douglas Engelbart ya nuna linzami ga jama'a a San Faransisko tun 1968, amma sai a 1995 kamfanin KYE na Taiwan ya sayar da Genius EasyScroll mai taya, a 1996 kuma IntelliMouse na Microsoft ya yaɗa ta ko'ina. A manhajar Windows, gaɓa ɗaya tana aika lamba 120, kuma idan ba a canza saiti ba, shafi yana motsawa layi 3. An zaɓi 120 ne da gangan, domin tana rabuwa gida biyu, uku, huɗu, biyar, shida, takwas ba tare da saura ba. Ke nan tun a lokacin an bar ƙofa a buɗe ga tayar da za ta iya ƙirga rabin gaɓa ko kashi ɗaya cikin takwas nata. Wannan ƙofar ce tayoyin zamani suka shigo ta ciki.

Yadda aka saba ƙera ta, da inda take ciwo

Buɗe linzami mai araha, irin wanda ya cika shagunan buga takardu da ofisoshi, za ka ga sandar tayar ta shige cikin wani ɗan akwati na ƙarfe da roba da aka liƙa da dalma a jikin fanel. Masu gyara suna ce masa inkoda. Kamfanoni irin su TTC da Kailh da Alps ne suke yin yawancinsu, kuma sau da yawa gaɓoɓinsa 24 ne a zagaye ɗaya. A cikin wannan ɗan akwatin aka cusa ayyukan nan biyu tare. Akwai faifai mai tudu da kwari da wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa yake hawa yana sauka a kai, shi ne ƙas-ƙas. Akwai kuma wasu 'yan yatsun ƙarfe da suke shafar faifai mai zanen jan ƙarfe, suna haɗa wuta suna yankewa a layi biyu. An tsara su yadda layi ɗaya zai riƙa ɗan rigan ɗaya. Idan na farko ne ya riga, kwamfuta ta san gaba aka yi. Idan na biyu ne, baya.

A nan cutar da kowa ya sani take ɓoye. Kana gungurawa ƙasa, sai shafi ya yi tsalle ya koma sama. Tayar ba ta karye ba. Dauɗa ce da tsatsa suka kwanta a kan zanen jan ƙarfen, ko kuma 'yan yatsun sun gaji sun saki, sai wutar ta riƙa tsinkewa a inda bai kamata ba, layin da ya kamata ya zo na biyu ya bayyana kamar shi ne na farko. Duk wanda ya yi aiki da kwamfuta a Kano ko Sakkwato ko Damagaram cikin hunturu ya san yadda ƙura take shiga inda ko allura ba ta shiga. Inkoda irin wannan ba a rufe yake ruf ba, kuma akwai ɗan maiƙo a cikinsa. Ƙura ta haɗu da maiƙo ta zama laka. Mai gyara yakan ɗiga sifirit a ciki ya yi ta juya tayar har ta wanke, ta ɗan yi watanni. Idan abin ya ƙi, sai ya narka dalma ya cire shi ya sa sabo, kuma dole ya auna tsayi, domin akwai mai milimita 9, da 10, da 11, da 13, kuma wanda bai dace ba zai karkatar da tayar.

Hanya ta biyu ta raba ayyukan. Ana yi wa tayar ƙananan tagogi a zagaye, a sa fitila mai hasken da ido ba ya gani a gefe ɗaya, da na'urar da ke ganin hasken a ɗaya gefen. Kowace taga da ta wuce, an ƙirga. Babu shafa, don haka babu tsatsa, sai dai gashi ko zare ya toshe taga. Shi kuwa ƙas-ƙas sai aka bar shi ga wani sifirin daban da yake danna ƙarfe a kan haƙoran da ke cikin tayar. Ƙirga ya huta da guga, ji bai huta ba.

Da aka raba su sai wata dabara ta samu: tunda sifirin ɗin ba shi da hannu a ƙirga, ana iya ɗaga shi gaba ɗaya a bar tayar ta sheƙa. A 2006 Logitech ya fitar da MX Revolution, mai taya ta ƙarfe mai nauyi da wani ɗan ƙaramin injin lantarki da yake janye sifirin idan an wurga tayar da ƙarfi, ya mayar da shi idan ta lafa. Kamfanin ya ce tana iya juyawa har daƙiƙa 7 da wurgi ɗaya. A wasu linzaman, kamar G502 na masu wasan gem da ya fito a 2014, maɓalli ne kake dannawa da yatsa ya ɗaga sifirin. Dabarar ta yi aiki, mutane sun so ta. Amma ta ƙara yawan ƙananan abubuwa masu motsi a ciki, kuma duk abin da yake motsi yana gogar wani, yana ƙara, yana cinyewa a hankali.

Ƙas-ƙas ba tare da taɓawa ba

Ga inda maganaɗisu ya shigo. Tayar MagSpeed ta fara fitowa a MX Master 3 a 2019. Ƙarfe ce da aka fafe, kuma a bangonta na ciki an yanka haƙora a zagaye. A tsakiyar ramin akwai wani abu da ba ya juyawa: maganaɗisu da aka danne tsakanin ƙarafa biyu, su ma bakinsu da haƙora, suna fuskantar haƙoran tayar. Tsakaninsu akwai 'yar tazara siririya ta iska. Ba sa taɓa juna ko sau ɗaya.

Ƙarfin maganaɗisu yana fita ta kai ɗaya ya zagaya ya koma ta ɗaya kan, kuma ya fi son bi ta cikin ƙarfe a kan bi ta iska. Don haka kullum yana jan tayar zuwa inda tazarar iskar ta fi ƙanƙanta, wato inda haƙori ya yi daidai da haƙori. Nan ne mazaunin tayar. Idan yatsa ya tura ta, haƙoran sun fara rabuwa, maganaɗisun yana ja da baya, yatsa yana jin turjiya. Da an wuce rabin hanya, haƙorin gaba ya fi kusa, sai jan ya juya ya fizgi tayar gaba ta faɗa sabon mazauni. Turjiya, sannan fizga, sannan tsayawa. Abin da sifirin yake yi a kan tudu da kwari ke nan, amma a wannan karon babu tudun da ake hawa, ƙarfin ja ne yake hawa yana sauka.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, wannan fizge-fizgen tsohuwar matsala ce a wurin masu ƙera injinan lantarki. Duk wanda ya taɓa kama sandar ƙaramin inji mai maganaɗisu ya juya ta da hannu ya ji tana tafiya tana tsayawa. Injiniyoyi sun daɗe suna karkata haƙora da sauya siffarsu don su kashe wannan abin, saboda yana sa inji rawa da ƙara. Masu ƙera linzami suka ɗauki abin da wasu suke gudu, suka daidaita shi da ƙarfin yatsa.

Aikin yana da wuyar ƙerawa. Jan maganaɗisu yana raguwa da sauri sosai idan tazara ta ƙaru, don haka bambancin da bai kai kaurin gashi ba a tsakanin haƙoran yana iya sa gaɓa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tauri. Dole tayar ta zama da'ira ta gaskiya, ta kuma zauna a tsakiya daram. Wani kaso na tsadar daga nan yake.

Maganaɗisun da ake kunnawa a kashe

Da maganaɗisu na dindindin aka sa, irin wanda yara suke cirowa daga tsohuwar lasifika, da tayar ta tsaya a kan ƙas-ƙas har abada. Da kuma naɗin waya aka sa wanda sai da wuta yake ja, da batir bai kwana ba. Masu fargabar batir wannan na biyun suke hangowa, kuma da shi aka yi amfani da sun yi gaskiya.

Akwai iri na uku, wanda wuta take canza halinsa amma ba ta riƙe shi. A tsarinsa da aka fi sani, ana jera maganaɗisu biyu kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya mai taurin kai ne, na neodimiyam, wanda ba a iya juya kansa da sauƙi. Ɗayan na alniko ne, gaurayen alminiyam da nikel da kobalt da ƙarfe, wanda yake riƙe ƙarfinsa amma yana da sauƙin juyawa. Sai a naɗa wayar jan ƙarfe. Idan aka harba wuta mai ƙarfi cikin wayar na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kan alnikon yana juyawa ya zauna a haka. Idan kawunan biyu suna kallon waje ɗaya, ƙarfinsu ya haɗu ya fita waje ya kama haƙoran tayar: ga ƙas-ƙas. Idan aka harba wutar ta ɗaya ɓangaren, kawunan suka saɓa, sai ƙarfin ya riƙa zagayawa tsakaninsu a cikin gida, ba ya leƙowa waje. Tayar ba ta jin komai, sai ta sheƙa. A kan wannan ƙa'ida ta maganaɗisun da ake juya shi da harbin wuta aka gina tayar.

Wuta ana shan ta ne a lokacin sauyi kawai. Tsakanin sauyi da sauyi, ko awa goma mutum ya yi yana gungurawa, maganaɗisun bai sha komai ba. Shi ya sa kamfanin yake iya cewa MX Master 3 yana kai kwana 70 da caji ɗaya. Ita kanta dabarar ba linzami ne ya ƙirƙiro ta ba. Masana'antu sun daɗe suna ɗaga manyan fallayen ƙarfe da irin wannan maganaɗisun, domin ko wuta ta ɗauke kaya ba ya faɗowa, kuma a 2010 Ara Knaian ya rubuta kundin digirinsa na uku a jami'ar MIT ta Amurka a kan yadda za a ƙanƙanta shi don ƙananan na'urori.

To wa yake ba da umarnin harbin? Ƙwaƙwalwar linzamin tana auna saurin tayar a kowane lokaci. Muddin yatsa yana tafiya a hankali, gaɓoɓi suna nan. Da ya wurga ta ta wuce wani mizani, sai a kashe jan, nauyin ƙarfen ya ci gaba da juya ta. Da ta lafa, a mayar. Kamfanin ya ce tana iya wuce layi 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma ribar da sifirin ba zai taɓa bayarwa ba: idan aka rage ƙarfin harbin, alnikon ba ya cika juyawa, jan ya zama tsaka-tsaki. Ta haka a wasu samfuran mutum yake iya shiga manhaja ya zaɓi taurin gaɓar da ya dace da yatsansa.

Inda aka fi rikita masu saye

Maganaɗisu yana iya yin ɗaya aikin ma, wato ƙirga, kuma wannan wani abu ne daban. A 1879 Edwin Hall, yana ɗalibi a jami'ar Johns Hopkins, ya gano cewa idan wuta tana bi ta cikin siririn ƙarfe aka kawo maganaɗisu kusa, wutar tana karkata gefe ɗaya, kuma ana iya auna karkatar. Daga nan aka samu 'yar na'urar da ake kira da sunansa. A liƙa maganaɗisu a jikin abu mai juyawa, a ajiye na'urar kusa, za ta faɗi inda abin yake ba tare da ta taɓa shi ba, ƙura kuma ba ta tare mata gani.

Wannan ne ake nufi a yawancin kwalayen da ke cewa hannun gem ko kibod yana da maganaɗisu. Hannun Dreamcast na kamfanin Sega ya yi amfani da shi tun 1998, kuma ya dawo da ƙarfi ne bayan koke-koken masu wasa a kan sandunan da suke motsa ɗan wasa da kansu idan sun tsufa. A irin wannan kibod, maganaɗisu yana auna zurfin dannawa ne kawai. Abin da yake turo maɓallin sama har yanzu sifirin ne.

Don haka linzami yana iya ƙirga da maganaɗisu amma ƙas-ƙas ɗinsa na sifirin ne. Yana iya ƙirga da haske, jinsa ya zama na maganaɗisu. Yana iya haɗa duka biyun. Wanda abin da ya dame shi shi ne tsallen shafi, maganinsa yana ɓangaren ƙirga, kuma tayar haske mai araha ma ta wadatar da shi. Wanda yake son shiru da sauyawa tsakanin taku da gudu, shi ne yake neman maganaɗisu a ɓangaren ji. Mai shago ba lallai ne ya bambance maka ba, domin sau da yawa shi ma abin da ke jikin kwali ya karanta.

Sauran hanyoyin da ake bi

Akwai masu sa cikakken injin lantarki a bayan abin juyawar, manhaja ta riƙa tura shi gaba da baya don ta ƙirƙiri gaɓoɓi yadda ta ga dama: 12 yanzu, 100 an jima, ko bango da zai hana wucewa. Aikin SmartKnob da Scott Bezek ya saki kyauta ga masu ƙere-ƙere haka yake. Sai dai yana shan wuta muddin yana aiki. Akwai masu amfani da ruwa mai garin ƙarfe a ciki, wanda yake kauri nan take idan maganaɗisu ya kama shi, dabarar da Jacob Rabinow ya fito da ita a Amurka a ƙarshen shekarun 1940. Kamfanin XeelTech na Ostiriya yana yin maɓallan juyawa da ita.

Sai hanyar Apple, wadda ita ce mafi nisa da sifirin. Faifan da ake shafawa da yatsa a madadin linzami a kwamfutar MacBook tun 2015 ba ya nutsewa kamar na da, wani maganaɗisu ne da naɗin waya suke ba shi ɗan bugu, yatsa ya rantse ya danna maɓalli. Haka 'yar tayar gefen Apple Watch tun samfurin 2018: santsi gare ta, bugun ne yake sa a ji gaɓoɓi. Abin da MX Master 4 ya ƙara ke nan a wurin babban yatsa. Wannan jijjiga ce, ba ita ce take riƙe tayar ba, kuma bai kamata a haɗa su ba.

Masu yabo da masu ƙorafi

Masu yabo su ne waɗanda wuninsu yake ƙarewa a cikin dogayen takardu: akanta mai jadawalin Excel na dubban layuka, lauya, mai rubuta manhaja, ɗalibi mai bin kundin bincike, mai tace bidiyo. A wurinsu, wurgi ɗaya ya maye gurbin murza taya sau talatin, kuma yatsan da yake wannan aikin kullum ya san bambanci. Ga shiru, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ofis mai mutane da yawa ko ɗakin da wani yake barci. Ina tare da su a nan. Wannan ci gaba ne na gaske, ba ado ba.

Masu ƙorafi ma suna da hujja. Jan maganaɗisu yana hawa yana sauka a lanƙwashe, ba shi da kaifin ƙarfen da ya faɗa rami, don haka wasu suna jin gaɓoɓin sun yi laushi. Ga mai wasan gem da gaɓa ɗaya take nufin sauya makami ɗaya, laushi asara ce. Ga nauyi: MX Master 3 giram 141 ne, alhali masu gasar gem suna neman linzami mai kusan giram 60. Shi ya sa har yau manyan linzaman gasa suke riƙe da tsohuwar taya mai sauƙi.

Wani ƙorafin ya shafi manhaja. Tunda ji da ƙirga sun rabu, sai an daidaita su kafin gaɓar da yatsa ya ji ta zo daidai da motsin da ido ya gani. Idan manhajar kwamfuta ba ta fahimci ƙananan lambobin da ke ƙasa da 120 ba, shafi yakan yi gudu fiye da kima, ko ya ɗan motsa bayan an ɗaga yatsa. Masu amfani da Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta irin Windows, sai a sigar 5.0 ta 2019 suka samu wannan tallafin a cikin tsarin kansa. Kuma yawancin saitin yana cikin manhajar kamfanin ne, wadda ba kowane ofis yake barin ma'aikaci ya sauke ba. Wannan yana damuna: abin da ka saya da kuɗinka bai kamata rabin amfaninsa ya dogara da wata manhaja da kamfani zai iya daina kula da ita ba.

Maganar goge bayanai kuwa ba ta da tushe. Filashi da katin waya da ma'adanar SSD ba da maganaɗisu suke ajiya ba, kuma na cikin tayar ƙarami ne, ƙarfe ya kewaye shi. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya shi ne yake da dalilin kula, kuma shawarar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayar a 2021 a kan wayoyi da agoguna masu maganaɗisu ita ce a nisanta su da inci 6, wato kusan santimita 15, daga na'urar. Linzami a kan tebur ya fi haka nisa da ƙirji.

Abin da ya shafi mai saye da mai gyara

MX Master 3 ya fito a kan kusan dala 100, MX Master 4 kuma kusan dala 120. A canjin yau wannan kuɗin linzami masu araha da yawa ne. Ga kuma wani abu da zai iya taɓa farashi daga nesa: kusan kashi 90 cikin 100 na maganaɗisun neodimiyam na duniya a Chaina ake yin su, kuma a watan Afrilun 2025 ƙasar ta sa dokar neman izini kafin fitar da wasu daga cikin ma'adinan da maganaɗisun da ake yi da su. Abin da ke cikin linzami ɗaya ƙanƙane ne, amma layi ɗaya yake bi da masu ƙera motoci da lasifika.

Tayar da ba ta guga ba ta mayar da linzami marar mutuwa. Maɓallan hagu da dama har yanzu suna iya fara danna sau biyu, robar jiki tana saɓulewa da zafi da gumi, batir yana tsufa, sandar da tayar take juyawa a kai tana tara dauɗa. Akwai ma abokin gaba na musamman: garin ƙarfe. Ƙurar hunturu maganaɗisu bai cika damuwa da ita ba, amma wanda teburinsa yake kusa da masu walda ko masu gurza ƙarfe ya sani cewa abin da ya shiga wannan siririyar tazarar maƙalewa zai yi, hurawa ba ta fitar da shi da sauƙi.

Mai gyara a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja yana iya canza inkoda cikin mintoci da kayan da ke aljihun teburinsa, domin kamfanoni da yawa suna yin iri ɗaya. Tayar maganaɗisu ba haka take ba. Ta samfurinta ce kaɗai, sai dai a ciro daga wani mataccen linzami irinsa. A 2023 Logitech ya ƙulla yarjejeniya da iFixit, kamfanin kayan gyaran na'urori, don sayar da wasu kayan gyara kamar batir, amma wannan bai kai sauƙin samun inkoda a kasuwa ba. Wanda zai sayi na hannu ya sa wannan a lissafi.

Ana iya gane irin tayar a tsaye a shago. A kashe linzamin, a danna maɓallin da ke bayan tayar. Idan ta sauya daga ƙas-ƙas zuwa santsi babu wuta, sakata ce ta ƙarfe. Idan ba ta sauya ba sai an kunna, to inji ne ko maganaɗisu. Sai a kai ta kusa da kunne a murza a hankali: mai inji za a ji ƙarfe yana taka haƙora, mai maganaɗisu kuwa yatsa zai ji gaɓoɓi kunne bai ji kusan komai ba. Daga nan a wurga ta da ƙarfi a zura ido. Ta gaskiya za ta saki da kanta, ta yi ta gudu, ta kama kanta idan ta lafa. Jabun da aka kwaikwayi siffar jikinsu kawai a nan suke tonuwa, domin a cikinsu tsohon inkoda ne, kuma tayar za ta tsaya da zarar yatsa ya bar ta.